RAHOTON MUSAMMAN: Injin ɗaure sukuru mai batir a Galtimari: An samu sauri, saura sanin wurin tsayawa

A daren Litinin 9 ga Satumba, 2024, wayewar garin Talata, ruwan da ya ɓalle daga Madatsar Alau ya biyo Kogin Ngadda ya auka cikin Maiduguri. Galtimari, wadda ke Ƙaramar Hukumar Jere a kudancin birnin, tana cikin unguwannin da ya mamaye tare da maƙwabciyarta Fori, haka kuma Gwange, Kasuwar Monday, Fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Rabon birnin da ambaliya irin wannan tun 1994.

Da ruwa ya janye, sai lamari ya koma hannun magina, kafintoci, masu walda da makanikai. Katangu sun zube, ƙofofin katako sun kumbura sun ƙi rufuwa, gadaje da kabad sun saki, motoci da kekunan Napep sun kwana cikin laka. Kusan duk gyaran da ya biyo baya yana ƙarewa ne a kan abu ɗaya ƙarami: a haɗa wani abu da wani, a ɗaure. A wannan fage ne wani ɗan inji mai siffar ƙaramar bindiga, da batir maƙale a gindinsa, ya sami karɓuwa a hannun masu sana'a. Sunansa na kasuwa impak direba, a taƙaice impak. Aikinsa ɗaure sukuru da noti, da kuma kwance su.

Abin da kafinta zai ɓata minti guda yana murɗawa da sukundireba, injin yana gamawa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Sai dai akwai abin da bai iya ba. Bai san lokacin da ɗauri ya isa ba, kuma a kan wannan sani ne ƙarfin rufi, lafiyar farantin sola da zaman tayar mota suka rataya.

Garin da ya koyi zama babu wuta

Kayan aiki masu batir sun dace da Maiduguri saboda tarihin da birnin ya yi da lantarki. A Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun babban layin wuta da ke zuwa daga Damaturu. An gyara a watan Maris, ba a yi kwanaki ba aka sake tarwatsa su, birnin ya ci gaba da zama a duhu wata da watanni. Sai a Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin NNPC ya gina. Ba a cika wata uku ba, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, janareta ya zama abin da mai ƙaramar sana'a ke yi wa lissafi kafin ya ja igiyarsa.

Wanda ke da injin huda mai waya dole ya ɗauko janareta zuwa wurin aiki, ya sayi mai, ya ja doguwar waya har kan rufi. Mai impak kuwa batir biyu yake sa wa a jaka. Batir mai bolt 18 da amfiya 4 yana ɗauke da wutar da ba ta kai abin da ƙwan lantarki mai wat 100 ke sha cikin awa guda ba. A lissafi, farantin sola ɗaya mai wat 300 yana samar da kwatankwacinta cikin kusan kwata na awa idan rana ta buɗe. Rana kuwa ba ta yi wa Borno rowa ba.

Dabarar ta daɗe a duniya kafin ta iso nan. Kamfanin Black & Decker na Amurka ya fitar da injin huda maras waya na farko a 1961, kuma da hannunsa aka ƙera injin da 'yan sama jannatin Apollo 15 suka haƙa ƙasar wata da shi a 1971. Amma baturan wancan zamani suna da nauyi, ba su kuma jimawa. Abin da ya sauya lamarin shi ne batirin litiyom, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, ya shiga manyan kayan aikin hannu wajajen 2005 ta hannun Milwaukee da Makita. Masana uku da suka share hanyar wannan batir, John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun karɓi kyautar Nobel a 2019. Irin batirin da ke cikin wayar hannu ne, aka jera shi aka ƙara masa ƙarfi.

Maƙera a cikin tafin hannu

Wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane cikin wannan inji da sauri, domin guduma da uwar maƙera ne a ciki. Motar lantarki tana juya wani sandan ƙarfe. A kan sandan akwai dunƙulen ƙarfe mai haƙora biyu, shi ne gudumar, da sifirin mai ƙarfi yana tura shi gaba. A gabansa akwai wani ƙarfe mai fukafukai biyu, wanda bakin da ke shiga kan sukuru yake maƙale da shi.

Muddin sukuru yana shiga cikin sauƙi, su biyun tare suke juyawa, ba a jin komai sai kukan mota. Da zarar ya fara cijewa, gudumar takan ja da baya a kan wasu ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ta matse sifirin, haƙoranta su tsallake fukafukan. Nan take sifirin zai watso ta gaba tana cikin juyi, ta doki fukafukan ta gefe. Wannan dukan shi ne ƙarar tatatata da ake ji, kuma yana maimaituwa fiye da sau 3,000 a minti guda, wato kusan sau 50 a kowace daƙiƙa.

Amfanin wannan tsari biyu ne. Na farko, tun da ƙarfin yana zuwa ne a gajerun duka, injin ba ya murɗe wuyan hannun mai riƙe da shi, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke tsaye a kan tsani ko a gefen rufi. Na biyu, bakin ba ya yawan zamewa daga kan sukuru ya cinye shi.

Akwai dangi uku da ake yawan rikita shi da su. Injin huda na yau da kullum yana da zobe mai lambobi a wuyansa, wanda ke sa ya saki da kansa idan ɗauri ya kai inda aka saita. Impak ba shi da wannan zobe. Injin huda bulo da kankare kuma gaba yake duka, kamar mai buga ƙusa, alhali dukan impak na juyi ne, don haka ba ya huda kankare. Sai babban wansa da ake gani a garejin makanikai, mai baki murabba'i na rabin inci, wanda aka yi domin manyan notuna. Bakin impak direba ƙarami ne, mai kusurwa shida, kwata na inci.

Mene ne ɗauri?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa iyakar matsewa ita ce iyakar ƙarfi. Injiniyoyi suna kallon abin ta wata fuska. Idan aka murɗa noti, ƙarfen da yake hawa a kai yana ɗan miƙewa, miƙewar da ido ba ya gani, kuma ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ne ke matse abubuwan da aka haɗa. Idan miƙewar ta yi kaɗan, girgiza za ta warware notin. Idan ta wuce kima, ƙarfen ya saki ke nan har abada: ko ya tsinke nan take, ko tiredi ya zube, ko kuma ya zauna kamar lafiya lau sai ranar da nauyi ya hau kansa. Kowane allazi da nasa amanu, kowane noti ma da iyakarsa.

Ana auna ƙarfin murɗawa da niyuton-mita, wanda ake taƙaitawa Nm. Ƙarfe mai kaurin milimita 8 da aka buga wa lamba 8.8 a ka yana buƙatar kusan Nm 25. Mai milimita 10 yana buƙatar kusan 50. Impak mai bolt 18 kuwa, abin da ake rubutawa a kwalinsa yakan kama daga 150 zuwa sama da 200. Ke nan injin yana ɗauke da ninki shida ko fiye na abin da ƙaramin ƙarfen zai iya jurewa, babu kuma abin da ke tsakaninsu sai yatsan mai aiki.

Wani abin lura shi ne, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin murɗawa a gogayyar ƙarfe da ƙarfe yake ƙarewa, kashi 10 kacal ke zama matsi. Wannan ya shafi Galtimari kai tsaye. Notin da ya kwana cikin ruwan ambaliya ya yi tsatsa yakan cije tun bai matse komai ba, injin ya yi ta duka, mai aiki ya ɗauka ya ɗauru. Wanda aka shafa wa baƙin mai kuma yakan wuce iyakarsa cikin sauƙi. Tsohon noti mai tsatsa a wurin da ke ɗauke da nauyi, canji ne maganinsa.

A kan rufi

Damina a wannan yanki da guguwa take sallama. Iskar ƙarshen Mayu da Yuni ba danna kwano take yi ba, tsotso shi take sama, kuma ta fi ƙarfi a gefuna da kusurwoyin rufi. Ƙusa mai santsi da aka buga a ɗanyen katako takan yi sako-sako idan katakon ya bushe ya tsuke. Sukuru ya fi ta riƙo nesa ba kusa ba, saboda tiredinsa yana cizon naman katako, kuma a rufin da aka yi da ƙarfe akwai sukuru mai baki kamar na injin huda, wanda ke huda wa kansa hanya. Wannan ne ya sa samuwar impak ta zama ci gaba na gaskiya ga masu rufi.

Haɗarin yana wurin ƙaramar robar da ke ƙarƙashin kan sukurun, wadda ita ce ke hana ruwa bi ta hudar. Ana so ta matsu daidai har ta ɗan leƙo gefen wosha. Idan ba ta matsu ba, ruwa zai shiga. Idan aka zarce, sai ta fashe ko ta tsartu waje, kwano ya lotsa ya zama ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya, rana kuma ta ƙarasa abin da ya rage na robar. Idan aka ƙara zarcewa, tiredin zai niƙe katakon da ya kamata ya riƙe, sukuru ya yi ta juyawa a banza. Daga ƙasa babu mai gane bambancin, sai ranar da aka yi ruwan farko. Saboda haka ne kamfanoni da dama masu yin kwanon rufi suka fi son a yi amfani da injin da ake saita zurfinsa, suna kuma gargaɗi game da impak.

Wanda impak kaɗai ya mallaka yana da hanyar kiyayewa. Ya sa injin a mataki mafi rauni idan yana da matakai, ya riƙe shi a miƙe sosai a kan kwano, ya sassauta yatsa tun kan sukuru bai taɓa kwano ba, sannan ya ƙarasa da ɗan taɓi ɗaya ko biyu yana kallon robar. A busasshen katako mai tauri, ko kusa da bakin katako, a fara huda ƙaramar hanya don kada ya tsage. Kuma bakin ya dace da kan sukurun: masu kan gicciye iri biyu ne, Phillips da Pozidriv, suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne, kuma sa bakin wani a kan wani shi ke cinye kai.

Duk da haka, sukuru dubu ba za su ceci rufin da ba a ɗaure katakonsa da gini ba. Sau da yawa iska takan ɗauke kwano da rafta gaba ɗaya ta ajiye a gidan maƙwabci, kowane sukuru yana nan daram a wurinsa.

A kan farantin sola

Shekarun duhu sun cika rufin Maiduguri da farantan sola, daga gidaje da shaguna zuwa masallatai da rijiyoyin burtsatse. Farantin gilashi ne mai kaurin kusan milimita uku a cikin firam na alminiyam, ana kuma riƙe shi da ƙananan maƙalai. Littattafan kamfanoni da dama suna ba da Nm 16 zuwa 20 ga ƙarfe mai milimita 8. Impak yana wuce wannan cikin ƙiftawar ido. Sakamakon shi ne firam ya lanƙwashe, ko gilashi ya shiga matsin da zai sa ya tsage daga baya, lokacin da zafin rana da sanyin dare suka yi ta buɗa shi suna tsuke shi.

Ƙarafan da ba sa tsatsa, waɗanda aka fi so a wannan aiki, suna da wani hali: idan aka juya su da gudu sukan yi zafi, noti ya manne da tiredi, ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai dai a yanke. A kan batir da inbata kuma, inda waya ke haɗuwa da ƙarfe, impak ba shi da wurin zama sam. Sako-sakon haɗi yana yin zafi har ya kai ga gobara, matsewa fiye da kima kuma tana fasa kan batir. Nan aikin sufanar hannu ne, mai rufaffen mariƙi.

A kan taya

Tun da aka hana babura zirga-zirga a Maiduguri da Jere a Yulin 2011, keke Napep da ƙananan motoci ne ke ɗaukar jama'a, kuma masu faci da makanikai ba sa rasa taya a gabansu. Wajen kwance notin taya, injin duka alheri ne. Wajen ɗaurewa ne ake buƙatar tsari. Ana fara sa kowane noti da hannu, zagaye biyu ko uku, don a tabbatar ya hau tiredi daidai, domin injin ba ya jin karkataccen noti, tura shi kawai yake yi. Sannan a matse su a tsallake, wannan sai na daura da shi, don rim ya zauna daidai. Ƙarshen ɗauri na sufanar awo ne, wadda ke yin ƙas idan an kai adadin da aka saita. Ga Toyota Corolla, misali, adadin Nm 103 ne. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa.

Notin da aka matse fiye da kima yana da sharri biyu. Yana iya tsinke ƙarfen da yake kai ana cikin gudu. Yana kuma iya ƙin kwantuwa da sufanar da ke cikin but ranar da taya ta yi faci a daji. Duk direban da ya san hanyar Damaturu ko ta Bama ya san cewa akwai wuraren da ba a son a daɗe a tsaye.

Soket ma iri biyu ne. Mai ƙyalli na sufanar hannu ne, yana iya fashewa a ƙarƙashin duka ya watso ɓarɓashi a ido. Baƙin shi ne aka yi domin inji.

Abin da ke rubuce a kwali

A kasuwa, lambar da aka fi tallata injin da ita ita ce ta bolt, kuma ita ce ta fi ruɗarwa. Batirin da aka rubuta wa 18 da wanda aka rubuta wa 20 abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar ne a jere, kowace tana ba da bolt 3.6 a aiki, tana kai wa wajen 4 idan an cika ta. Wani kamfani ya ɗauki lambar aiki, wani ya ɗauki ta cika. Idan kuwa aka ga batir mai girman wannan an rubuta masa 48 ko 88, lissafin ƙwayoyin da za su iya shiga cikinsa bai ba da haka ba. Lambar amfiya ce ke nuna tsawon aikin da batir zai yi, nauyinsa a hannu kuma yakan faɗi gaskiyar da kwali ya ɓoye. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, amma a bakin shago idon mai saye ne mataki na ƙarshe.

Ya kamata mai saye ya san cewa galibi batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani, don haka wanda ya sayi inji ya ɗaura aure ne da batirinsa da cajarsa. Ya tambaya ko ana samun batirin a gari kafin ya biya. Injin da ba shi da kabon a motarsa ya fi tsada, amma ba ya yawan zafi, ya fi kuma tattalin batir.

Zafi shi ne babban abokin gabar litiyom. Ƙa'idar cajinsa ba ta wuce digiri 45 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa ma a Maiduguri yana haura 40, balle kan kwano da tsakar rana. Batirin da ya sauko daga aiki da zafi a bar shi ya huce a inuwa kafin a sa shi caji, kada kuma a bar shi cikin rufaffiyar mota. Wanda ya kumbura, ya fashe, ko ya taɓa nutsewa cikin ruwa, ya gama aiki, domin wutar litiyom tana da wuyar kashewa. Kunne ma yana da haƙƙi: ƙarar da ta wuce desibel 85 tana cutarwa idan aka daɗe a cikinta, ta impak kuwa tana kusantar 100.

Ilimin da ke cikin wuyan hannu

Tsohon makaniki da ya shekara talatin da sufana yana jin ƙarfe a hannunsa. Ya san lokacin da noti ya zauna, ya san ɗan laushin nan da ke zuwa gab da tsinkewa, kuma yaronsa yakan koya ne ta hanyar tsinke 'yan ƙarafa a gabansa yana shan faɗa. Siffar da ta sa impak ya zama mai daɗin riƙo, wato rashin mayar da ƙarfi zuwa hannu, ita ce kuma ta yanke wannan saƙo. Yaron da ya fara sana'a da inji yana iya shekara bai taɓa jin yadda ɗauri daidai yake ba.

Abin da ya rage masa shi ne kunne da ido: sauyin sautin duka idan kai ya zauna, da siffar roba, da lambar da ke kan ƙarfe. Waɗannan abubuwa ne da ake koyarwa. Maiduguri tana da Kwalejin Fasaha ta Ramat da cibiyar koyar da sana'o'i ta Muna, amma mafi yawan masu hawa rufi a Galtimari a hannun iyayen gidansu suka koya, kuma nan ne ya kamata sufanar awo ta shiga. Guda ɗaya ta isa gareji ko ƙungiyar masu haɗa sola su riƙa karɓa-karɓa, ko don yaro ya gwada abin da ya ɗaure da inji ya ga nisan da ke tsakanin zatonsa da gaskiya.

A Fabrairun 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina Madatsar Alau. Wannan aikin hukuma ne, mai gida ba shi da iko a kansa. Abin da ke hannunsa shi ne rufinsa. Kafin ya sallami mai aiki, yana iya sa a hau a duba layin gefe da kusurwoyi, a ga ko robobin sun zauna ba su fashe ba, a taɓa kowane sukuru da sukundireba a ji ko akwai mai juyawa a banza, a kuma nuna masa inda aka ɗaure rafta da gini. Watan Afrilu ne lokacin wannan dubawa, tun hadarin farko bai taso daga gabas ba.